Ciwon Suga, Ƙiba da Zuciya: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Maganar da muka kawo a wannan fitowa ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, ko da yake ba kasafai ake sa ta cikin ajandar taron dattawa ba. Duk mai sauraron sanarwar ranar Lahadi ya ga yadda jerin marasa lafiya ya canza. A da zazzaɓi ne da haihuwa da haɗarin mota. Yanzu kuwa sai a ce wane ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, wance tana asibiti ciwon ƙafa ya ƙi warkewa, wane kuma ya kwanta lafiya aka wayi gari babu shi. In aka bi diddigi, sau da yawa za a tarar da ciwon suga da hawan jini da ƙiba a jikin mutum ɗaya.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: gyara cin abinci da motsa jiki wajibi ne ga mai ciwon suga da ke da ƙiba, amma su kaɗai ba sa tsare zuciya sai an haɗa da magani da zuwa asibiti, kuma mutum ba ya iya riƙe su shekara da shekaru in mutanen da yake ci da sha tare da su ba su taya shi ba. Mutanen nan kuwa mu ne. Saboda haka maganar ta shafi ikilisiya gaba ɗaya, daga kicin ɗin zumuntar mata har teburin dattawa.

Girman matsalar a wajenmu

A shekarar 2018, Farfesa Andrew Uloko, likitan ciwon suga a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, shi da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike 23 da aka yi a sassan Nijeriya. Sun gano cewa kimanin kashi 5.77 cikin ɗari na jama'a suna da ciwon suga, a yankinmu na Arewa maso Yamma kuma kashi 3 cikin ɗari ne. Abubuwan da suka ga suna ƙara haɗarin su ne zaman birni, da rashin motsa jiki, da yawan shekaru, da irin abincin da ake ci. Kada kashi 3 ya ruɗe mu. A majami'ar da ke da manya 300, mutum 9 ke nan, kuma lissafin ya haɗa da matasa da manoman karkara masu aikin ƙarfi. Tsakanin mazauna birni da suka haura shekara 45, abin ya fi haka. Ƙari a kan wannan, fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su ma san suna da shi ba.

Yawancinmu a Sabon Gari da Brigade da Badawa da sauran unguwannin wajen ganuwa muke kwana, amma da yawa cikin birni da kewayensa suke neman abinci: masu shago a Ƙofar Wambai, masu kai kaya Kasuwar Kurmi, ma'aikatan jinya a Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, direbobi da teloli da malaman makaranta. Gurasa ɗaya muke saye da maƙwabtanmu, waina ɗaya, shayi ɗaya, kuma layi ɗaya muke bi a asibiti. Tsohon birnin nan da Sarki Gijimasu ya fara kewaye shi da ganuwa tun ƙarni na 12, da ƙafa aka san shi. Lungunansa ba na mota ba ne. Mutanen da suka gina shi suna tafiya kasuwa da ƙafa, su je gona da ƙafa, matansu su yi daka da surfe da ɗiban ruwa. Yau mutum yakan fito daga gida ya shiga adaidaita sahu, ya zauna a kan benci daga safe har magariba, ya sake shiga adaidaita ya koma. Girman malmalar tuwon kuwa bai ragu ba, sai ma aka ƙara mata farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba.

Yadda suga ke kaiwa ga zuciya

Abincin da muka ci, musamman mai gari da mai zaƙi, yakan koma suga a cikin jini. Jiki yana fitar da wani sinadari mai suna insulin wanda ke buɗe wa sugan hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Idan kitse ya taru a tumbi da hanta, jiki yakan daina jin maganar insulin, sai sugan ya yi ta yawo a cikin jini. A hankali yana cinye bangon hanyoyin jini, kitse yana liƙewa a wurin, hanyar tana ƙuntata, har wata rana jini ya daskare ya toshe ta. In a zuciya abin ya faru, shi ne bugun zuciya. In a ƙwaƙwalwa ne, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Mai ciwon suga yana da haɗarin waɗannan kusan ninki biyu na wanda ba shi da shi, hawan jini da taba sigari kuma suna ƙara wa wutar fetur. Wani abin tsoro shi ne, ciwon yana kashe jijiyoyin ji, don haka zuciyar mutum tana iya bugawa bai ji ciwon ƙirji ba, sai dai haki da gumi da kasala, a ce gajiya ce.

Abin da babban gwaji ya nuna

Akwai wani gwaji da ya kamata kowane dattijo ya san labarinsa, domin daidai tambayarmu ya yi. A Amurka, daga shekarar 2001, aka ɗauki mutum 5,145 masu ciwon suga da ƙiba, 'yan shekara 45 zuwa 76, a cibiyoyi 16. Sunan gwajin Look AHEAD. Aka raba su gida biyu. Rabi aka ba su shawara irin ta yau da kullum. Sauran rabin aka sa su a gaba: a rage abinci, a rage aƙalla kashi 7 cikin ɗari na nauyin jiki, a yi motsa jiki minti 175 a mako, kuma a watanni shida na farko suna haɗuwa da masu ba su shawara kowane mako, yawanci a rukuni. A shekarar farko waɗannan suka rage kashi 8.6 cikin ɗari na nauyinsu, ɗaya ɓangaren kuwa kashi 0.7 kacal.

Kowa ya ɗauka za a ga bugun zuciya ya ragu. Amma a watan Satumba na 2012, bayan kusan shekara goma, aka dakatar da shirin, domin babu wani bambanci na a zo a gani: mutum 403 a ɓangaren da aka sa a gaba suka sami bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko makamancinsu, a ɗaya ɓangaren 418. Aka buga sakamakon a 2013. Ba za mu ɓoye wannan ba. Duk wanda ya ce muku rage tuwo da tafiyar safe sun isa su hana zuciya bugawa, ya faɗi abin da gwajin bai tabbatar ba.

To, shi ke nan sai a koma wa tuwo? A'a, sai a karanta sauran labarin. Da farko, nauyin da aka rage ya riƙa dawowa da aka rage yawan haɗuwa, har tazarar ta koma kashi 6 da kashi 3.5 a ƙarshe. Na biyu, ɓangaren da ba a matsa wa ba sun fi shan magungunan rage kitsen jini da na hawan jini, waɗanda su ma suna tsare zuciya. Na uku, waɗanda aka sa a gaba sun ci wata ribar: sun fi iya tafiya da hawa bene a tsufansu, haɗarin mummunan ciwon ƙoda ya ragu musu da kashi 31 cikin ɗari, sarƙewar numfashi cikin barci ta ragu, baƙin ciki ya ragu, sun rage kwanciya asibiti da yawan magunguna. Sannan a 2016 aka sake duba bayanan, aka ga waɗanda suka rage aƙalla kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu a shekarar farko sun sami raguwar haɗarin zuciya da kashi 21 cikin ɗari. Wannan duba na baya bai kai ainihin gwajin ƙarfi ba, amma yana nuna inda aka dosa: wanda ya rage sosai shi ya fi amfana.

Mu ɗora wasu gwaje-gwaje biyu a kai. A ƙasar Denmak, a gwajin Steno-2 da aka fara a 1993, an ɗauki masu ciwon suga 160 da ƙodarsu ta fara nuna alama. Rabi aka haɗa musu komai a lokaci ɗaya: abinci, motsa jiki, barin taba, maganin suga, maganin hawan jini, maganin kitsen jini. Bayan kimanin shekara takwas, matsalolin zuciya da hanyoyin jini sun ragu musu da kusan rabi, kuma da aka bi su shekara 21, an ga sun fi sauran daɗewa a duniya da kusan shekara takwas. A garin Da Qing na ƙasar Sin kuma, a 1986 aka ɗauki mutum 577 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka koya wa wasu gyaran abinci da motsa jiki na shekara shida. Bayan shekara 30, mutuwa ta dalilin zuciya da hanyoyin jini ta ragu musu da kashi 33 cikin ɗari. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Darasin da muka ɗauka ke nan. A fara da wuri, a haɗa abinci da tafiya da magani, kuma a sami mutanen da za su riƙe mutum kada ya saki. Amurkawa sun kashe maƙudan kuɗi wajen ɗaukar ma'aikatan da za su riƙa tara mutane mako mako. Mu kuwa muna taruwa kowane mako ba tare da an biya kowa ba, kuma mun san gidajen juna. Abin da ya gagare su riƙewa, mu a hannu muke da shi.

Teburinmu

Mu dubi kanmu da idon gaskiya. A ɗaurin aure, da raɗin suna, da bikin godiya na kaka, da Kirsimeti, da taron zumunta, har da zaman makoki, me muke ajiye wa baƙo? Shinkafa dafa-duka mai naso da mai, soyayyen nama, cincin, fanke, da lemon kwalba ko maltina. Dattijo kuma akan ba shi kwalba biyu don girmamawa. Yawancin lemon kwalba yana ɗauke da kimanin giram 10 na suga a kowane mililita 100, wato ƙaramar kwalba ɗaya ta kai cokalin shayi tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da babban mutum mai lafiya zai ƙara a abincinsa kada ya wuce kimanin cokali 12 a yini. Gwamnatin Tarayya ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a Dokar Kuɗi ta 2021. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da muke yi a gida, in aka cika musu suga, ba su da maraba da na kwalba. Zuma ma tana ɗaga sugan jini, kada a ruɗe mu da cewa daga daji take.

Babu buƙatar a nemo abincin Turawa. Abin da likitoci ke so yana Kasuwar Yankura da 'Yan Kaba da Dawanau. A raba faranti gida huɗu a ido. Gida biyu ganye da kayan lambu: zogale, rama, alayyafo, kabeji, yakuwa, kuɓewa, gauta, kokwamba. Gida ɗaya wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse. Gida ɗaya kawai tuwo ko shinkafa, gwargwadon dunƙulen hannun mai cin. Tuwon dawa ko na gero da ba a cire masa dusa duka ba ya fi farar shinkafa da burodi da gurasa, amma shi ma in ya yi yawa yana ɗaga suga. Haka acha da alkama, waɗanda wasu ke ci ba awo suna cewa abincin masu suga ne. Wake abokin mai ciwon suga ne, ko a dafe, ko alale, ko a haɗa shi da shinkafa ya rinjaye ta. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli abinci ne na kirki in ba a zuba masa suga ba. Lemon zaƙi a ɓare a ci ya fi a matse a sha. Fura da nono a dama ta da ɗan dama, ba suga, nonon ya fi furar yawa.

Sai gishiri da mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini ɗaya kada ya kai giram 5, kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da magi. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri mai ɗaga hawan jini. Iyayenmu mata sun san yadda daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi ke ɗaga miya, sai dai a rage magin a hankali har harshe ya saba. Mai kuma a auna shi da cokali, a daina tuttulawa. Man gyaɗa ya fi man shanu da kitsen nama ga zuciya, manja a taƙaita, man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi a zubar. Mai son tsire ko balangu ya ce a cire masa kitsen.

Ƙafafunmu

Abin da ake nema shi ne aƙalla minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, irin wadda mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Minti 30 ke nan sau biyar a mako, kuma ana iya raba shi goma goma. Kada a yi kwana biyu a jere ba a motsa ba. Tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci tana sauke sugan da ya tashi. Sau biyu a mako a yi abin da zai ƙarfafa tsoka, ko da tashi da zama ne a kan kujera sau goma goma, ko ɗaga galan ɗin ruwa. Mai zaman shago ya miƙe duk bayan rabin awa. Mai aiki a cikin birni ya sauka daga adaidaita a Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa ya ƙarasa da ƙafa, ya rage kuɗin mota ya ƙara lafiya. Wanda likita ya yarje masa, matakalar Dutsen Dala tana nan.

Mun san akwai uzuri na gaskiya. Titunanmu ba su da gefen masu tafiya, zafin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, kuma ba kowace uwa ce za ta saki jiki ta fita yawo ita kaɗai da asuba ba. A nan ne majami'a take da abin bayarwa. Yawancin majami'unmu suna da haraba mai katanga da mai gadi, wadda ke zama fayau daga Litinin zuwa Asabar. A buɗe ta da ƙarfe shida na safe ko bayan rana ta yi sanyi, mutane su zo su kewaya rukuni rukuni. Maƙwabcin da ba na cikinmu ba in ya nuna sha'awa, a yi masa maraba, domin ciwon bai tambayi addinin kowa ba.

Sai a kiyaye abu huɗu. Wanda ke jin ciwon ƙirji ko haki ko jiri, ko wanda ciwon ya taɓa masa ido ko ƙoda, ya ga likita kafin ya fara. A sa takalmi rufaffe da safa, a duba tafin ƙafa kowane dare, domin ƙaramin ƙurji a ƙafar da ba ta ji shi ne mafarin yankewa. A sha ruwa. Mai yin allurar insulin ko shan glibenclamide ya riƙe alewa ko suga a aljihu: in ya ji rawar jiki da gumi da yunwa da ruɗewa, sugansa ne ya faɗi, ya sha cokali uku zuwa huɗu na suga a ruwa nan take. Wannan ne kaɗai lokacin da lemon kwalba yake zama magani.

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce, abinci ya yi tsada, ana neman abin da za a ci ana maganar zaɓe. Gaskiya ne, tun daga 2023 da naira ta faɗi, abinci da magani duk sun tashi. Amma mu auna. Ruwan sha ya fi lemo araha. Rage mai da magi da suga ragin kuɗi ne. Rama da zogale da wake ba su kai nama tsada ba. Abin da ke talauta gida shi ne kwanciyar wata guda a asibiti, ko wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, ko maigida ya shanye a rasa mai fita nema.

Wata za ta ce, in na kawo wa baƙi ruwa da kwaɗo za a ce na yi rowa. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa mace ɗaya ba za ta iya canza shi ba. In dattawa da shugabannin zumuntar mata suka tsai da shawara cewa a kowane taro ruwa ne a gaba, zoɓo kashi biyu mai suga da marar suga, ganye a kowane faranti, to kunyar ta fita daga kan kowa. Haka maganar rama. A wajenmu ƙiba alamar jin daɗi ce, wanda ya rame kuwa sai a fara raɗe-raɗi, ko a ce matarsa ba ta ba shi abinci, ko a ce mijinta ya gaza. Mutum mai kilo 90 da ya rage kilo 7 zuwa 9 da gangan ya yi abin yabo, a ce masa sannu da ƙoƙari. Sai dai a bambanta: ramar da ta zo haka kawai, tare da yawan ƙishirwa da fitsari, alamar suga ya yi yawa ce, a tafi asibiti.

Akwai kuma masu ajiye magani, wasu saboda an yi musu addu'a, wasu saboda mai maganin gargajiya da lasifika a bakin kasuwa ya yi musu alkawarin warkewa cikin mako biyu. A nan muna roƙon masu tsayawa a bagade su yi magana a fili. Shan metformin ko maganin hawan jini ko na kitsen jini ba rashin bangaskiya ba ne, kuma likitan da ya auna jini shi ne zai ce a rage ko a daina. Yana yiwuwa kuwa a rage, domin a gwajin Amurka kimanin mutum ɗaya cikin tara da aka sa a gaba sugansu ya sauka sosai a shekarar farko har aka ce ciwon ya lafa. Haka lokacin azumi, ko na kwana arba'in ko wanda ikilisiya ta sa a farkon shekara: mai allurar insulin ko maganin da ke sauke suga da ƙarfi ya nemi shawarar likita tukuna, kuma shugabanni su faɗa da bakinsu cewa an ɗauke wa marar lafiya. Tun daga 2015 an samu sababbin magungunan suga irin su empagliflozin da aka tabbatar suna tsare zuciya da ƙoda. Suna da tsada, amma wanda zuciyarsa ko ƙodarsa ta riga ta taɓu ya tambayi likitansa.

Roƙonmu ga dattawa

Na ɗaya, kowace majami'a ta sayi na'urar awon hawan jini da ta awon suga da sikeli, a damƙa su ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, a riƙa awo Lahadi ɗaya a wata bayan sujada, a rubuta a kati. Wanda awonsa ya kai 140/90 fiye da sau ɗaya, ko sugansa kafin karin kumallo ya kai 7.0, wato 126 a ɗaya ma'aunin, a tura shi asibiti a tabbatar. Awon tumbi kuwa igiya ta isa: a auna tsawon mutum, a ninka igiyar biyu, in ba ta kewaye cikinsa daidai cibiya ba, kitsen ya yi yawa. A riƙe sirrin kowa.

Na biyu, a kafa rukunin tafiya, a ba shi shugaba da rana da lokaci kamar yadda ƙungiyar mawaƙa take da su, wanda bai zo ba a neme shi. Na uku, a sa dokar abincin taro a rubuce. Na huɗu, asusun taimakon marasa lafiya ya riƙa sayen maganin wata ga gwauraye da tsofaffi tun kafin su faɗi, maimakon a jira a tara kuɗin asibiti ko na akwatin gawa. Na biyar, a tuna wa masu ciwon su duba ido da ƙoda da ƙafa sau ɗaya a shekara. Asibitin Ido na ECWA yana nan Kano tun 1943, Asibitin Murtala da na Aminu Kano kuma suna duba masu ciwon suga. Ranar 14 ga Nuwamba ita ce Ranar Ciwon Suga ta Duniya, Lahadin da ta fi kusa da ita ta dace a gayyato likita ya yi wa jama'a bayani da Hausa.

Mu ba mu da yawa a garin nan. Dattijo ɗaya in ya kwanta, ajin koyarwa ya rasa malami, marayu sun rasa mai biya musu kuɗin makaranta, sulhu ya rasa mai yin sa. Ba mu yi wa kowa alkawarin cewa in ya rage tuwo ya kama tafiya zuciyarsa ba za ta taɓa bugawa ba. Abin da aka auna aka gani shi ne zai fi ƙarfi, ƙodarsa za ta fi daɗewa, kuma in ya haɗa da maganinsa, akwai kyakkyawan zaton shekarunsa su ƙaru. Muna roƙo a sa wannan magana cikin ajandar taron dattawa na wata mai zuwa, a fito da sunan wanda zai riƙe makullin haraba da wadda za ta kula da abincin taro. Allah ya ƙara mana lafiya.